Kawu Manzo Mai Gishiri da Hawan Jininsa

Duk wanda ya taɓa sa hannu a kwano ɗaya da Kawu Manzo ya san battar nan tasa. 'Yar ƙarama ce ta ƙarfe, irin wadda tsofaffi ke zuba garin taba a ciki, sai dai shi gishiri yake zubawa. A aljihun gaban rigarsa take zama, ita da carbi. Da an dire abinci, kafin ya ɗanɗana, kafin ma ya gama buɗe kwanon ya ga ko tuwo ne ko dambu, zai yi bisimilla, ya zaro batta, ya barbaɗa. Gidan suna, gidan biki, gidan gaisuwar rasuwa, duk ɗaya ne a wurinsa. Matan Matameye da yawa sun yi fushi da shi a kan haka, don babu macen da za ta so a gyara mata miya a gaban mutane.

Ni Zuwaira 'yar ƙanwarsa ce. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, kuma ko da aka yi mini aure ban bar unguwar ba. Tun da ya rasu, duk inda na zauna sai wani ya ce, "Kin tuna ranar da kawunki ya yi kaza?" Mu yi ta dariya har mu koma share hawaye. To, ga nawa, abin da na gani da idona.

Ina budurwa na taɓa ɗana masa tarko. Na yi miyar kuka, na zabga mata gishiri da gangan, har ni kaina na kasa kai loma ta biyu. Na kai masa zaure, na durƙusa gefe ina kallo. Ya zaro batta.

"Kawu, ka ɗanɗana tukuna mana," na ce.

"In na ɗanɗana na ji ya yi daidai fa?" in ji shi. "Kin ga kin sa ni asarar barbaɗawa."

Ya barbaɗa, ya cinye tuwon tas, ya siɗe yatsu, sannan ya ɗaga murya ta kan katanga ya ce wa mahaifiyata, "Yarinyar nan taki ta fara iya girki."

Ba abin mamaki ba ne, tun da gishiri ne sana'arsa. Rumfarsa a kasuwa cike take da gishirin miya, da kanwa, da kantun gishiri na dabbobi. Mutanen Tsauni da Yauri da Ɗan Barto in sun shigo da amalankensu ranar kasuwa, wurinsa suke fara tsayawa. Ƙato ne, ga murya, kuma a sanina bai taɓa kwanciya ciwo ba. A wurinsa cuta uku ce kawai a duniya: zafi, sanyi, da rashin cin abinci. Sauran duk, in ji shi, ma'aikatan gidan likita ne suka ƙirƙiro don kada su rasa aikin yi. In ka ce masa ya je a duba shi, sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ni na san jikina." Kun sha jin wannan magana fiye da ni.

Yadda aka yi har ya shiga gidan likita, ba don kansa ba ne. Matarsa, Inna Barira, masassara ta kayar da ita wata damina, ta ƙi sauka. Ni na riƙe ta, shi kuma ya biyo mu, wai don ya ga abin da za a yi mata. Muna shiga wurin majo, wato babban mai duba marasa lafiya, Kawu ya fara koya masa aiki.

"Sanyi ne ya kama ta. Ka ba ta abin da zai sa ta yi gumi, shi ke nan."

Majon nan saurayi ne mai sanyin hali. Ya ɗebi ɗigon jinin Inna a yatsa, ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya rubuta magani, ya tambaya ko tana kwana cikin gidan sauro. Duk Kawu na tsaye a kansa yana musu, jijiyar wuyansa ta tashi. Majo ya dube shi, ya ce, "Baba, zauna ka huta kaɗan, kai ma in auna ka."

"Ni? Auna ka ga lafiya."

Ya zauna, ya naɗe hannun riga yana murmushi kamar wanda za a ɗauka hoto. Majo ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya hura, ya duba. Ya bar shi ya ɗan huta, ya sake. Sannan ya ce, "Baba, kana da tansiyo. Jininka ya hau. Sha tara nake gani."

Kawu ya juyo ya dube ni, fuskarsa fal farin ciki. "Kin ji ko, Zuwai? Sha tara. Jikana in ya samo sha tara cikin ashirin a makarantarsu ta lakwal, har kyauta ake ba shi."

"A nan ba a son mai yawa, Baba," in ji majo, yana danne dariya. "Lafiyayye wajen sha biyu yake."

"To ai ba na jin komai."

"Shi ne mugun halinsa. Yawancin masu shi ba su jin komai." Majo ya ajiye biro ya gyara zama. "Kana zuwa lambu?"

Kawu ya ce yana da ɗan lambun rake, in ji shi wanda ya fi na kowa zaƙi.

"To ka san injin ban ruwa da tiyo. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. In ruwa na tafiya da ƙarfin da ya wuce ƙima kullum, tiyo ba zai yi maka kuka ba. Ranar da ya gaji kawai zai fashe, ko ya toshe. In a kai abin ya faru, sai ka ga ɓarin jikin mutum ya shanye. Shi ma injin wahala yake sha, haka ƙoda, haka ido. Za ka riƙa shan ƙwaya kullum, ko kana jin daɗin jikinka ko ba ka ji. Kuma ka rage gishiri, da dunƙulen miya, da kanwa, don su ke sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙara ƙarfi. Mece ce sana'arka, Baba?"

"Gishiri nake sayarwa. Da kanwa."

Majo ya dubi Inna Barira, ya dube ni. Inna, duk da zazzaɓin da ke jikinta, ta ce, "Yaro, kai dai ka yi mana addu'a."

Daga ranar aka buɗe yaƙi a gidan. Da Inna ta warke, ta rage gishiri a miya, ta daina sa dunƙule, ta koma daddawa da albasa da tafarnuwa. Battar ma ta ɗauke ta ɓoye. Kawu ya ɗanɗana tuwon farko ya ture kwano.

"Barira, wannan miya ce ko ruwan wankin tukunya?"

"Miyar da majo ya ce, Malam."

"To ki kai wa majo."

Sai ya ɓullo da dabara. Mutumin da ba ya shiga gidan kowa sai da dalili, ya zama mai zumunci. Da an ji lokacin sauke tukunya ya yi, sai a ji sallamarsa a zauren maƙwabta, wai ya zo gaida yara. Yau nan, gobe can. Ba a daɗe ba Inna ta gano, ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ta yi magana da matan. Rannan ya yi sallama a gidanmu daidai azahar, mahaifiyata ta aika masa da tuwo da miyar da aka ɗiba kafin a sa gishiri. Ya kai loma ɗaya, ya ajiye hannu.

"Har da ke, Rabi?" ya ce da ita. "Nono ɗaya muka sha fa."

"Shi ya sa, Yaya."

"An haɗa baki da matan unguwa duka. Na gane."

Ƙwayar kuwa ya sha ta na ɗan lokaci, don Inna na tsaye a kansa. Da ta ga kamar ya saba ta sakar masa, shi kuma ya tattara sauran ya ƙulle a leda ya sa ƙarƙashin katifa. Da na gani na yi masa magana, sai ya ce, "Ajiye su na yi sai ranar da ciwon ya zo. Wa yake shan magani yana ƙalau? In na shanye yanzu, ran da ciwon ya iso me zan tare shi da shi?" Gishiri kuma, mutumin da ke wuni a tsakiyar buhunansa, wa zai hana shi? Ya ɗiba a takarda ya sa aljihu.

Ciwon ya zo, amma bai yi sallama ba. Wata ranar kasuwa da hantsi, yana auna wa wata mata 'yar Yauri gishiri, tiya, wato kwanon awo, ta suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Habu mai barkono, maƙwabcinsa na rumfa kuma abokin tsokanarsa, ya ce yana juyowa ya ga bakin Kawu ya karkace, yana magana ba a gane abin da yake cewa. Nan take jama'a suka taru. Wani ya ce iska ce ta buge shi, a kawo turare. Wani ya ce a kai shi gida a shafa masa mai. Allah ya sa an aika an gaya wa Inna Barira da wuri. Ta iso ko mayafi ba ta yafa daidai ba, ta ce, "Ba gida za a kai shi ba. Abin da majo ya faɗa ne. A nemo mota yanzu."

Daga gidan likitan nan aka wuce da shi Damagaram. Can suka ce saurin kawo shi da aka yi ya taimaka ƙwarai. Na bi su washegari. Na iske ƙaton nan kwance, ido biyu, yana kallonmu, magana ta ƙi fita. Ban taɓa ganin Inna Barira ta yi kuka ba sai ranar. Kwanaki muna zaune muna jiran ko zai ce wani abu. Rannan da safe, bayan sun ce zai iya haɗiya, Inna na ba shi ɗan romo a cokali, ya kurɓa, ya yamutsa ɓarin fuskar da ke motsi, ya yi ta kokawa da harshensa. Muka matso duka, muka kasa kunne, ni ina tsammanin wasiyya zai bari.

"Ba... gishiri," in ji Kawu.

Inna ta ajiye cokali, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ban san ko kuka take ko dariya ba, ita ma na tabbata ba ta sani ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Mijina ya dawo."

Ya dawo gida yana jan ƙafa kaɗan, hannun hagu ba ƙarfi. Magana ta dawo a hankali. Ma'aikatan gidan likita sun koya wa Inna yadda za ta riƙa motsa masa hannun da ƙafar, yana yi yana mita. Amma wani abu ya canza. Wata la'asar na shiga na iske shi yana ƙoƙarin ɗaga buta zai yi alwala, ta faɗi, ruwa ya zube. Na ɗauka na cika na zuba masa. Ya ƙarasa alwalarsa. Sannan ya ce, "Zuwai, ashe ban san jikina ba. Tun haihuwa muke tare da shi, bai taɓa gaya mini yana da magana ba."

Ku da kuka san Kawu kun san ba ya yin abu rabi da rabi. Mutumin da ya ƙi magani da taurin kai, da wannan taurin kan ya kama shi. Da mijina Lawali zai tafi cin rani Kano, Kawu ya kira shi ya ce kada ya kuskura ya dawo ba tare da na'urar awon jini ba, irin mai pil, wato batir, wadda ke hura kanta. Da ta iso, ya ɗinka mata jaka wurin tela, ya rataya a wuya. Ya koma rumfa, ya zama mai gishirin da ba a taɓa gani ba a kasuwar Matameye.

Mace za ta zo ta ce a auna mata tiya guda.

"Ku nawa ne a gida?"

Ta faɗa.

"Rabi ya ishe ku. Kina sa dunƙule?"

"Ina sawa."

"To rabin ma ya yi yawa. Kawo hannunki."

Habu mai barkono ya ce masa, "Manzo, kai da hannunka za ka kashe kasuwarka." Kawu ya ce, "Wanda ya mutu ba ya sayen gishiri, Habu. Ni masu sayena nake tattali." Kantun dabbobi ne kawai yake sayarwa da sakin fuska, wai har yanzu ba a kawo masa saniya mai tansiyo ba.

Da farko aikin nasa ɓarna ya fi yawa. Mutum zai sauko daga amalanke yana haki, ko ya gama tayi da shi har sun yi cacar baki, nan take Kawu zai ɗaura masa abin a kan hannun babbar riga, ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Kai ba ka san jikinka ba. Tafi wurin majo yanzu." Ranar kasuwa sai majo ya ga layi har ƙofa, kowa ya ce Manzo mai gishiri ne ya turo shi. Wasu kam an same su da shi, suna nan cikinku, suna shan magani har yau. Da yawa kuma lafiyarsu ƙalau, tsoro kawai aka ba su. Har majo ya tako da kansa zuwa rumfar. Bai yi faɗa ba. Ya nuna masa cewa sai mutum ya zauna ya huta, ya jingina, a tuɓe hannun riga, kada ya yi magana ana aunawa, kuma in ya ga ya hau ya bari a jima a sake.

"Kada ya yi magana?" in ji Kawu, idonsa ya yi haske.

Ya kafa benci a rumfa. Amma a gida abin ya fi yi masa amfani. Duk lokacin da Inna Barira ta fara yi masa faɗa, ko a kan ya bar takalmi a tsakar gida ko ya manta cefane, sai ya buɗe jaka.

"Barira, na ga fuskarki ta canza. Zauna in auna ki. Ba a magana."

Ta zauna ta yi shiru, abin ya hura ya sace, ya ce a jima a sake. Kafin a gama ta manta abin da take cewa. Ta daɗe kafin ta gano shi.

"Malam, wai aunawa kake yi ko rufe mini baki?"

"Duka biyun magani ne," in ji shi.

Muna yi masa dariya, har da ni. Sai da abin ya zo kaina na daina.

Ina da cikin ɗana na uku, ya tsufa, Lawali kuma yana Kano. Na je awon ciki da farko, daga baya aiki ya yi mini yawa na daina, tun da na haifi biyu lafiya. Ƙafafuna suka kumbura, ban damu ba. Sai hannuwa suka bi, zobe ya ƙi fita, fuska ta cika, kai ya riƙa sara mini, wani lokaci in ga kamar ƙananan wuta suna gilmawa a idona. Na dawo gidanmu. Mahaifiyata ta ce haka ita ma ta yi da cikina, nauyi ne kawai, in kwanta in ɗaga ƙafa.

Kawu ya shigo bayan la'asar, ya dube ni, ya ce, "Wace ce wannan mai kumatu?" Na yi dariya, na ce kaina ke ciwo. Ya zaunar da ni, ya jira, ya ɗaura. Ya duba. Ya jira ya sake. Ina sauraron tsokanar da ya saba, ba ta zo ba. Ya naɗe abin a hankali ya sa a jaka. Wannan shirun nasa ne ya fara ba ni tsoro.

"Ɗauko mayafinki."

"Yaya, tuwo na kan wuta," in ji mahaifiyata. "Gobe da safe ma je."

"Bar shi ya ƙone, Rabi."

"Ciki ne fa. Kowace mace tana kumbura."

"Ni ban san ciki ba," ya ce. "Amma na san wannan lambar, don na taɓa samun irinta na yi murna."

Ya fita yana jan ƙafa, ya tsaya ƙofar wani maƙwabcinmu mai mota, bai bar wurin ba sai da mutumin ya bar shayinsa ya tashi. A ɗakin haihuwa ungozomar ta auna ni, ta gwada fitsarina, ta kira wata. Ta gaya wa mahaifiyata cewa kumburin ƙafa kaɗai ba komai ba ne, amma in fuska da hannuwa suka kumbura, ga ciwon kai, ga ido na gani dishi-dishi, hawan jini ne na masu ciki, kuma in aka bar shi yana kai mace ga jijjiga, a rasa uwa ko ɗa ko duka. Suka yi mini allura, suka sa ni motar ɗaukar marasa lafiya zuwa Damagaram. Mahaifiyata ta riƙe hannuna duk hanya, leɓenta na motsi da addu'a.

Can suka ce ba za a jira lokaci ya cika ba. Na haifi namiji, ɗan ƙarami, amma da kukansa. Kawu ya biyo mu, ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wata bishiya a harabar, ya ƙi komawa gida. An ce mini kafin a sallame ni babu wani mai jinya da ke zaune a wurin da bai auna ba. Da Lawali ya kira a waya yana kuka yana godiya, Kawu ya ce masa, "Bar kuka, yana hawar da jini. In za ka dawo ka riƙo pil."

Sauran rigima ɗaya. Ungozoma ta ja mana kunne cewa ba ni ba kunun kanwa a wannan jego, kuma in riƙa zuwa ana auna ni, don jinin kan iya sake hawa bayan haihuwa. Mahaifiyata ta ce to a gabansu. Da muka dawo gida, ta ga jego babu kunun kanwa kamar ba jego ba, me mutane za su ce? Ta ɗauki kwarya ta nufi rumfar yayanta.

"Ba ni kanwa, Yaya."

"Ta me?"

"Ta... wanki."

"Ga sabulu can wurin Habu, ya fara sayarwa."

"To in ba ka ba ni ba, ai ba kai kaɗai ke sayar da kanwa a kasuwar nan ba."

"Je ki," in ji shi. "Duk na bi su tun jiya."

Haka kuwa aka yi. Duk rumfar da ta je sai a ce, "Inna Rabi, ki yi haƙuri, Manzo ya ce in muka sayar miki zai zo ya zauna mana a rumfa da na'urarsa." Ta dawo ta tsaya a kansa, ranta a ɓace.

"Yaya, kai ne fa ka kawo mini kanwa buhu guda lokacin da na haifi yarinyar nan."

"Na sani," ya ce. "Allah ya rufa mana asiri a wancan. Ba zan sake gwada shi ba."

Kunun gyaɗa da na tsamiya na sha har na gama wanka, kuma ga ni. Yaron an raɗa masa sunan Kawu, amma shi ya ce tun da a gidan likita ya fara zama, Majo ne. Kun san shi, har malamansu na lakwal da Majo suke kiransa.

Kawu ya yi shekaru masu daɗi bayan nan. Ya yi ta shan ƙwayarsa kowace safiya, yana sanar da unguwa ya sha. Ya saba da miyar Inna har ya fara cewa ta wasu ta yi gishiri. A ƙarshen rayuwarsa ya ɗauki wani sabon hali da ya riƙa ba masu dubiya wahala. Bara bayan an cire amfanin gona tsufa ya kwantar da shi, ƙirji ya riƙe. Kun san in an ce wa mara lafiya "Yaya jiki?" amsar ɗaya ce, ko yana gargara: "Da sauƙi." Kawu ya ce shi ya daina wannan ƙarya, ita ke hana a san abin da ke damun mutum. Liman ya zo dubiya, ya ce, "Malam Manzo, yaya jiki?"

"Ƙafa da sauƙi. Ƙirji babu sauƙi. Ciki yana nan tsaka-tsaki, tun jiya dai ban zaga ba. Zauna in yi maka bayani."

Liman ya zauna, ya sha bayani har aka kusa kiran salla. Habu mai barkono ya ce shi ya daina tambaya, in ya shigo sai dai ya ce, "Manzo, ina kwana, kada ka gaya mini."

Ranar ƙarshe na shiga da hantsi da kunu. Inna Barira na zaune wajen ƙafafunsa tana matsa masa. An buɗe taga, rana ta shigo har bakin gado. Na durƙusa na ce, "Kawu, yaya jiki?" Na gyara zama ina jiran jerin.

Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi Inna, ya yi murmushi da bakin nan nasa da bai gama miƙewa ba.

"Yau kam da sauƙi, Zuwai."

Inna ta daina matsawa. Ni ma na ajiye kunun. Kafin azahar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Allah ya jiƙan Kawu Manzo, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya ba Inna Barira haƙuri. Mu da ya bari, Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu cika da imani. Amin.